In ka hango wuta na shawagi a daji da dare

Jama'a ga wata 'yar dabara. In kana tafiya a daji da dare ka hango wuta tana lilo a sama, kar ka ɓata lokacinka wajen bin ta, kar kuma ka ruga.

Tsaya cak. Kafa sanda a ƙasa, ka rufe ido ɗaya, ka saita wutar da kan sandar.

Ba ta kamar minti biyu.

Sau da yawa za ka ga ko gezau ba ta yi ba, idonka ne ke rawa, don a duhu in ido bai samu abin da zai gwada da shi ba ko tauraro sai ka rantse yawo yake. Zara ma tana ruɗa mutane haka.

In kuma tana tafiya a hankali kan layi ɗaya, ta yiwu fitilar mota ce can nesa. A garin Marfa na jihar Texas a Amurka, inda mutane ke hango irin wannan wuta, ɗalibai sun bincika a 2004, suka tarar fitilun motocin babban titi ne.

Amma fa in kana cikin mota tana tafiya, ko kanka na motsi, dabarar ba ta aiki sam.