Yadda na gyara na'urar auna sukari da ta riƙa ba ni lambar bogi

A ƙaramin ɗakin gwajinmu a Gombe muna aiki da kalorimita. Haske take ratsawa ta cikin ruwan jinin da aka haɗa da sinadari, gwargwadon duhun jan launin, gwargwadon yawan sukari. Da hunturun bana sai ta rikice mini. Ruwan ma'auni da na san sukarinsa 100 ne ta ce 130, bayan minti biyar ta ce 115.

Na zargi sinadarin, na buɗe sabuwar kwalba. Asarar kuɗi kawai na yi.

Ashe laifina ne. Da an kawo wuta nake fara awo, alhali fitilarta tana buƙatar kamar minti 15 ta yi ɗumi kafin haskenta ya daidaita. Ga kuma 'yan kwalaben awon: ƙurar hazo da sawun yatsa a jikinsu suna tare haske, na'ura ta ɗauka sukari ne.

Yanzu ta baki nake riƙe su, in goge da takarda mai laushi, masu karce na zubar. Ina saita sifili da sinadari zalla a 505, wato lambar launin hasken da ake awon da shi, sannan in auna. Jiya da na auna ruwan ma'aunin, 101 ta ba ni.