Yadda ake mallakar ƙaramar bindiga bisa doka a Birtaniya

Tun bayan harin da aka kai wata makarantar firamare a garin Dunblane na Scotland a 1996, inda aka kashe yara 16 da malamarsu, dokokin 1997 suka haramta wa farar hula ƙananan bindigogi a Ingila da Scotland da Wales. Ireland ta Arewa tana da nata tsarin. Amma an bar wa masu tara kayan tarihi da masu wasan harbi 'yan kafofi, kuma kowacce da sharaɗinta.

Matakin farko shi ne awo. Duk bindigar da bututunta bai kai santimita 30 ba, ko tsawonta gaba ɗaya bai kai santimita 60 ba, haramtacciya ce. Baligin da aka kama da ita ba izini, mafi ƙarancin hukuncinsa ɗaurin shekara 5. Shi ya sa ake ƙera libarba mai dogon bututu da sandar ƙarfe a bayan mariƙi, don ta haura wannan awon ta shiga sahun waɗanda lasisi ke halattawa.

Na biyu, ka gane rukunin da bindigar take. Nan mutane suka fi yin tuntuɓe. Wadda aka ƙera kafin 1 ga Satumba 1939, kuma harsashinta yana cikin jerin waɗanda gwamnati ta ce an daina amfani da su, ana iya ajiye ta ba lasisi, amma don ado kawai. Da zarar ka yi niyyar harba ta, wannan rangwamen ya faɗi. Jerin kuma yana canzawa: a 2021 an cire nau'in harsashi 7, ciki har da .44 Smith & Wesson Russian, saboda ɓata-gari sun koma amfani da su. Saboda haka kada ka tsaya ga maganar mai sayarwa, duba jerin da idonka.

Sashe na 7(1) na ta farko cikin dokokin 1997 ya ba da damar ajiye wadda aka ƙera kafin 1 ga Janairu 1919 a gida, in harsashinta ba ya samuwa cikin sauƙi. Sai da lasisi, ba harbi, ba ajiye harsashi. Sashe na 7(3) kuwa na bindiga ce mai darajar tarihi ko wadda irinta ta yi ƙaranci. Ita ana harba ta, sai dai zamanta a keɓaɓɓen wurin da gwamnati ta amince da shi ne, kamar filin harbi na Bisley, ba a gidanka ba. Akwai kuma wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, wadda haramcin bai shafa ba. Tana buƙatar lasisi, albarushin ma da tasa takardar daban.

Na uku, neman lasisin daga 'yan sandan yankinka. Za ka cike fom na 201, ka kawo mutum biyu da suka san ka aƙalla shekara 2, da bayanin lafiya daga likita. Sai hujjar mallakar bindigar. Kare kai ba hujja ba ce a nan. Mai wasan harbi zai nuna ya zama cikakken ɗan kulob ɗin harbi bayan gwaji na aƙalla wata 3, mai tarawa kuma ya nuna abin da ya haɗa bindigoginsa, ko zamani ko maƙera, da sanin da ya yi musu. Jami'i zai zo gida ya duba akwatin ƙarfen da za a ajiye bindigar, ya girgiza shi ya ga ko an kafe shi sosai a bango, ya tambayi wa ya san inda makulli yake. In wani marar lasisi a gidan ya sani, matsala ce.

Lasisin na shekara 5 ne, kuma kowace bindiga sai an rubuta izininta a kai kafin a saye ta. Bayan ciniki a sanar da 'yan sanda cikin kwana 7. Wanda aka taɓa yanke wa ɗaurin shekara 3 ko fiye, an hana shi mallakar bindiga har abada, ko da ta adon ce.

Wanda ya tsinci tsohuwar libarba a kayan gado, kada ya saka ta a mota don kai ta ofishin 'yan sanda. Ya bar ta inda take, ya kulle ɗakin, ya buga musu waya su zo su tantance rukuninta.