Yadda malami ko ma'aikacin gwamnati zai nemi rancen gida daga Asusun NHF

Tun daga dokar 1992 ake yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci ana zubawa a Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, wanda Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya, FMBN, ke riƙe da shi. Malamai da yawa har su yi ritaya ba su nemi komai daga cikinsa ba, alhali haya na cinye albashinsu.

Ka fara da tabbatar da cewa kuɗinka yana isa bankin. Ka karɓi lambarka ta NHF a ofishin albashi, ka je ofishin FMBN na jiharka a fitar maka da bayanin abin da aka tara da sunanka. Nan malaman firamare suka fi shan wahala: an yanka a takardar albashi, amma ba a tura ba. In haka ne, sai reshen ƙungiyar malamai ta NUT ya bi kadin maganar, don ba za a duba buƙatarka ba sai an ga gudummawar wata shida aƙalla.

Rancen kansa ta hannun bankin jinginar gida da FMBN ya amince da shi ake nema. Ruwansa kashi 6 ne a shekara, ana biya har tsawon shekara 30, kuma biyan wata ba zai wuce kashi ɗaya bisa uku na albashinka ba. Ka yi lissafi tun a gida. Naira miliyan 5 a shekara 30 tana kamawa wajen 30,000 a wata, wato sai mai albashin 90,000. Wanda shekara 15 ta rage masa a aiki kuwa, in a cikinsu zai gama biya, zai riƙa biyan kimanin 42,000 a wata. Shi ya sa jinkiri ke da tsada, gara a nema tun da sauran ƙuruciya.

Babban tarnaƙi shi ne takardar fili. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa ba ta isa jingina. Sai shaidar mallaka ta gwamnati, daga hukumar rajistar filaye, kamar KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna, tare da amincewar gwamna kamar yadda Dokar Filaye ta 1978 ta tanada. Ka haɗa da taswirar gini da hukuma ta amince da ita, da rahoton ƙimar gidan, da takardun albashi na wata uku.

Kada arhar fili ta ja ka nesa da makarantarka. Kuɗin mota na kullum ka sa shi cikin lissafin kafin ka sa hannu.