Yadda ake sarrafa aikatau na Sifaniyanci a lokacin "pretérito imperfecto"

Da wannan lokaci ne masu jin Sifaniyanci ke faɗin abin da aka saba yi a da, ko abin da ake cikin yi sa'ad da wani abu ya auku. Bahaushe ya riga ya san ma'anar, domin ita ce a cikin "a da nakan je gona" da kuma "ina barci ya shigo". A ganina babu lokacin da ya kai shi sauƙin koyo a harshen.

Da farko ka dubi ƙarshen aikatau yadda ya zo a ƙamus, ko -ar ne, ko -er, ko -ir. Ka cire haruffan nan biyu, abin da ya rage shi ne saiwa: hablar, yin magana, ya bar habl-, comer, cin abinci, ya bar com-.

Daga nan sai ka liƙa ɗafa-ƙeyar da ta dace da mai aikin. A rukunin -ar za ka ce yo (ni) hablaba, tú (kai ko ke) hablabas, él (shi) hablaba, nosotros (mu) hablábamos, vosotros (ku) hablabais, ellos (su) hablaban. Ka kula ƙwarai da alamar da ke kan á a hablábamos, domin a kan gaɓar nan ake ƙarfafa murya, kuma ita ce ɗalibai suka fi mantawa a rubutu.

Rukunin -er da na -ir kuwa jirgi ɗaya ya ɗauko su: comía, comías, comía, comíamos, comíais, comían. Haka vivir, yin rayuwa, zai zama vivía har zuwa vivían, kuma alamar kan í ba ta faɗuwa ko sau ɗaya.

Tun da siffar "ni" da ta "shi" ko "ita" iri ɗaya ce, ka ambaci wakilin suna duk inda kake tsoron a rikice. Siffar vosotros kuma a Sifaniya ake jin ta; a Latin Amurka ustedes hablaban ake cewa.

Aikatau 3 ne kacal suka bauɗe wa ƙa'idar: ser (kasancewa) ya koma era, ir (tafiya) ya koma iba, ver (gani) ya koma veía. Hatta dormir, yin barci, wanda ke rikiɗa ya zama duermo a lokaci na yanzu, a nan dormía ne kawai.

A ƙarshe ka gwada hannunka da jimla mai aiki biyu, kamar "Yo leía cuando sonó el teléfono", wato ina karatu wayar ta yi ƙara. Karatun da ake cikin yi shi ya ɗauki leía, ƙarar da ta katse shi kuma ta tafi da sonó, wanda yake siffar wani lokaci ne daban na abin da ya wuce.