Kurakuran da aka fi yi wajen bayyana sabon nau'in okid daga kurmi

Dangin furen okid na da nau'i kusan 28,000 da aka sani, kuma kowace shekara ana ƙara wasu daga kurmin Amazon, da gangaren tsaunukan Andes, da Madagaska, da Borniyo, da Niyu Gini. Amma sunaye da yawa da aka buga cikin murna, daga baya sai a gano tsiron ya daɗe da suna, ko kuma an buga sunan ba bisa ƙa'ida ba. Yawancin ɓarnar tun a daji ake yin ta, kafin a rubuta ko kalma ɗaya.

Kuskure na farko shi ne ɗebo tsiro ba fure. Ganye da saiwa ba sa raba nau'in okid. A jinsin Bulbophyllum kaɗai akwai nau'i wajen 2,000, kuma da yawansu kamarsu ɗaya sak idan ba su yi fure ba. In an tarar da tsiron babu fure, kuma akwai izini, a ɗauki mai rai a rene shi har ya buɗe. Sai dai a kula: furen da aka tsinka bayan wata shida a wurin reno ɗiba ce daban, ba a haɗa ta da ganyen da aka matse a daji a ce samfuri ɗaya ne. Ƙa'idar raɗin sunan tsirrai ta ce samfurin asali, wato samfurin da ake ajiyewa a matsayin shaidar sunan, ya zama ɗiba ɗaya, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. Wanda ya cakuɗa biyun zai iya rasa sunan gaba ɗaya.

Kuskuren da ya fi yawa kuwa shi ne matse furen a jarida kawai. Furen okid na da ganyayen fure uku a waje (sefal), biyu a ciki (fetal), sai leɓe, wato fetal na uku mai siffa ta daban, sai ginshiƙin tsakiya inda sashen namiji da na mace suka haɗe. Abin da ke raba nau'i sau da yawa ɗan tudu ne a kan leɓen, ko gashi a gefensa, ko ƙananan haƙora biyu a bakin ginshiƙin, abin da bai wuce milimita ɗaya ba. Matsi na murƙushe su duka. Don haka dole a jiƙa furanni uku zuwa biyar a kwalba: itanol kashi 70 cikin ɗari, gilisarin kashi 1 ko 2, sauran ruwa. Gilisarin ɗin ne ke hana furen yin ƙamas. A rubuta lambar ɗiba da fensir a takarda a jefa cikin kwalbar, domin tawadar biro narkewa take yi, takardar da aka liƙa a waje kuma ɓallewa take yi a hanya.

Itanol na cinye launi cikin kwanaki kaɗan, shi ya sa hoto ke gaba da jiƙawa. A ɗauki furen ta gaba da ta gefe da rula a kusa, sannan a warware fure ɗaya, a jera sassansa a kan baƙin kati a sake ɗauka. A rubuta launi da ƙamshi nan take, har da lokacin da ƙamshin ke tashi, don wasu sai dare.

Dunƙulen ƙurar fure, wato foliniya, su ma ana yawan asararsu. Adadinsu, ko 2 ne ko 4 ko 8, da irin igiyar da ke riƙe su, na iya nuna jinsin da tsiron yake ciki. Furen da ya kwana biyu a buɗe, wataƙila ƙwaro ya riga ya tafi da su. A zaɓi wanda ya buɗe a ranar, ko toho mai shirin buɗewa.

Kumburarren karan da okid ke ajiye ruwa a ciki ba ya mutuwa da sauƙi. In aka matse shi sukutum, zai yi makonni da ransa, ganyen ya zube, fumfuna ta kama jaridar. A tsaga shi biyu a tsaye, a busar da ɗumi mai sauƙi, kimanin digiri 40, da iska na ratsawa. Samfurin DNA kuma a ware shi tun kafin komai ya taɓa sinadari: ɗan ganye lafiyayye, a yayyanka, a zuba masa silika, ƙwayoyin da ke tsotse danshi, wajen ninki goma na nauyinsa. Fomalin, sinadarin da wasu ke adana samfuri da shi, na lalata DNA.

A takardar bayani kada a tsaya a "kan bishiya". A faɗi ko a gindi yake, ko a babban reshe, ko can a ƙananan rassa, da tsayin wurin daga teku, da inuwa ko sarari. Kuma kada a rubuta cewa yana shan jinin bishiyar kamar kauci. Maƙalewa kawai yake yi.

Wajen awo, fure ɗaya ba ya isa. A auna da yawa, daga tsirrai daban-daban in akwai, a ba da ƙarami da babba. A faɗi ko ɗanye aka auna, ko jiƙaƙƙe, ko busasshe, domin busasshe ƙanƙancewa yake yi, kuma mai gwada ɗanyen furensa da tsohon bayanin da aka yi daga busasshe zai ɗauka ya samu sabon abu. Yawancin okid na murɗa furensu digiri 180 kafin ya buɗe, leɓe ya koma ƙasa. Wasu ba sa yi. A faɗi wanne ne, in ba haka ba "sama" da "ƙasa" a bayanin za su rikita mai karatu. Tsiro ɗaya tilo mai baƙon fure kuma abin tuhuma ne: yana iya zama barbarar nau'i biyu da ke kusa, ko naƙasa inda fetal suka ɗauki siffar leɓe. A duba maƙwabtansa tukuna.

Sai gwaji da waɗanda aka sani, inda kasala ta fi yin ɓarna. Duba littafin tsirran ƙasa ɗaya bai wadatar ba, domin irin okid kamar ƙura yake, iska na kai shi nesa, ba ruwansa da iyakar ƙasa. A bi IPNI da Plants of the World Online, rumbunan sunayen tsirran duniya da ke intanet, a duba har sunayen da aka soke, a ga samfurin asali na kowane makusanci ko hotonsa. Tarihi ya nuna illar rashin ganin samfuri: da Reichenbach, Bajamushe masanin okid, ya rasu a 1889, ya bar wasiyya a rufe tarin samfuransa a Biyana ta ƙasar Austriya shekara 25, masana suka yi ta raɗa wa okid suna ba tare da sun ga abin da ya riga ya bayyana ba. Don haka dole taƙaitaccen bayanin bambancin sabon nau'in ya ambaci makusancin da sunansa, ya faɗi abin da ya raba su da awo. "Furensa ya fi kyau" ba hujja ba ce.

Ƙa'idar raɗin suna ba ta da sassauci. Daga 1 ga Janairu 2012 bayanin na iya zama da Latin ko Turanci, kuma an yarda da bugun intanet in PDF ne mai lambar ISSN ko ISBN, wato lambar rajistar mujalla ko littafi. Sanarwa a Facebook ba bugu ba ce. Tun 1990 dole a rubuta kalmar typus ko holotypus (wato samfurin asali) ko daidai da ita, a ambaci ma'ajiyar busassun tsirrai ɗaya tak inda samfurin yake. Tun 2007 hoto ko zane ba ya zama samfurin asalin sabon okid. A tabbatar ba a taɓa amfani da sunan a wannan jinsin ba. A kuma raba kwafin ɗibar zuwa ma'ajiya fiye da ɗaya, tare da barin na asali a ƙasar da tsiron ya fito: tarin okid na Schlechter, wani Bajamushe masanin okid, ya ƙone a Balin a 1943, kuma nau'in da ba a raba kwafinsu ba har yau suna wahalar da masana.

Abin da ya fi ciwo shi ne kuskuren da ke kashe tsiron kansa. Duk okid na ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan fataucin tsirrai da dabbobin daji, jinsin Paphiopedilum da Phragmipedium kuma suna rukunin da aka fi tsanantawa, don haka fitar da samfuri ba takarda laifi ne. An bayyana Paphiopedilum canhii daga Biyetnam a 2010, ba a jima ba masu fataucin fure suka kusan kwashe shi ƙaf daga inda aka same shi. Kada a buga ainihin lambobin GPS. A faɗi lardi da tsayin wuri, cikakken bayanin ya zauna a ma'ajiya. Wajen ƙiyasin barazana bisa ma'aunin IUCN, ƙungiyar duniya mai tantance halittun da ke fuskantar ƙarewa, ana lissafa faɗin mazauni da murabba'i mai kilomita 2 sau 2. In wuri ɗaya aka gani kuma ba a bincika kewaye ba, a rubuta adadin tsirran da aka ƙirga, da faɗin da aka taka, da abin da ke cin dajin, ko sara ko gona ko haƙar ma'adinai, don wanda zai koma ya san daga inda zai ɗora.