Tsatsa a farin ƙarfen babur: yawanci wurin goga ake ɓata shi

Ƙyallin da ke jikin salansa, hannun babur da ƙarfen ƙafar keke shafe ne kawai na wani farin ƙarfe da ake kira kurom. Kurom ɗin kaurinsa bai kai kashi 1 cikin 1000 na milimita ba. Ƙarƙashinsa akwai shafen wani ƙarfen da ake kira nikel, sannan baƙin ƙarfe. Shi kurom ba ya tsatsa. Sai ya samu ƙarzuwa ko ƴar huda ruwa ke shiga, baƙin ƙarfen ya kama, jan ya ɓullo sama ɗigo-ɗigo.

Shi ya sa babbar ɓarna ita ce sa masa samfefa, soson ƙarfe na wanke tukunya, ko toka da yashi. Nan take wurin zai yi fes, mai babur ya ji daɗi. Damina na sauka tsatsar ta dawo ta fi da, don an kankare abin da ke tare ta. Abin yi shi ne a wanke wurin tukuna, a samu takardar alminiyum irin wadda ake naɗe gasasshen nama, a dunƙule ta, a tsoma a ruwa, a riƙa gogawa a hankali. Alminiyum ya fi kurom taushi, tsatsar yake ɗagawa ya bar shafen. Za ka ga wani baƙi-baƙi na fitowa a hannunka, kada ka damu, aikin ne ke ci. In ta yi taurin kai, a ɗiga lemun tsami ko ruwan khal, a bari minti 5 zuwa 10, a goge, a ɗauraye sosai. Barin tsamin ya kwana a kai wata ɓarnar ce.

Masu zuba ruwan batir, jabel ko ruwan wanke masai kuwa, su daina. Wasu daga cikin ruwan wanke masan nan kurom ɗin kansa suke narkarwa, ba shi da gyara.

Akwai kuskuren da ya fi yawa a nan Damagaram, kusan kowa na yi. Lokacin hunturu, ɗan kabu-kabu na tsaye bakin Kasuwar Dole yana jiran fasinja, sai ya zaro busasshen tsumma daga ƙarƙashin kujera ya hau mutsuka hannun babur. Ƙurar nan yashi ne tsantsa, kuma tsumman ya sha ta tun jiya. Duk goga ɗaya, ƙarzuwa ce da ido bai gani. Na san ruwa a garin nan ba abin wasa ba ne, amma rabin gwangwani ya isa a jiƙa tsumma, ko a fara kaɗe ƙurar kafin a shafa.

Bayan wanki ma sai a lura. Ana barin ruwan omo ya bushe da kansa, alhali yana maƙalewa a gindin wayoyin ƙafa da kewayen noti, inda tsatsa ke farawa. A ɗauraye, a tsane da tsumma mai tsabta. Kada a lulluɓe jiƙaƙƙen babur da leda, kuma kada a jingina shi kusa da turken awaki, fitsarinsu na cin ƙarfe.

Baƙin mai da ake shafawa don kariya ƙura yake tarawa. Kakin goge mota ya fi, in babu a shafa basilin kaɗan a share. Salansa dai ban da ita, zafi zai ƙona abin da aka shafa. Shuɗin da take yi kusa da inji ma ba tsatsa ba ce, zafi ne, goga ba ta fitar da shi yadda ake so.

In ka shafa wurin ka ji ramuka a yatsa, ko shafen yana ɓarewa, to an wuce maganar goga. A kankare tsatsar a wurin kaɗai, a shafa fentin hana tsatsa, ko a sayi wani ƙarfen a sauya.