Kurakuran da masu koyon saƙar ulu suka fi yi da yadda ake gyara su

Yawancin wahalar mai koyon saƙa da tsinke biyu daga matse zare take farawa. Idan kina jan zaren da ƙarfi bayan kowane ido, wato madaukin zaren da ke kan tsinke, tsinke ba zai shiga ba sai da kokawa, yatsu su yi ciwo, saƙar ta fito kamar tabarma. Wani abin da ke jawo wannan shi ne yin ido a kan siririn bakin tsinke. Ki tura kowane sabon ido zuwa jikin tsinken mai kauri, domin kaurin nan ne ma'aunin idon. Idan layin farko ne ya matse, ki ɗaura shi a tsinken da ya fi naki girma da milimita 1, sannan ki koma naki.

Zaɓen kaya ma yana kayar da mutane. Baƙin zare ko mai gashi-gashi yana ɓoye idanun. Ki fara da zare mai haske, mai santsi, matsakaicin kauri, da tsinke mai milimita 4.5 zuwa 5.

Sai saƙar da ke ƙara faɗi ba a so ba: an fara da ido 20, bayan layi goma sun zama 24. Dalili biyu ne. Na farko, a farkon layi zaren ya hau ta saman tsinke, ya jawo ido na farko har ya yi kamar biyu, aka saƙa duka biyun bisa kuskure. Ki sauke zaren ƙasa kafin ki fara. Na biyu, wajen sauyawa daga saƙar fuska, mai kamar V, zuwa saƙar baya, mai ƙulli-ƙulli, dole zaren ya bi ta tsakanin tsinken biyu. Idan ya bi ta sama, ga ƙarin ido, ga rami. Ƙirga idanu a ƙarshen kowane layi shi ke kama kuskuren tun yana sabo.

Idan ido ya zame ya warware ƙasa kamar tsani, kada ki kwance aikin duka. Ki kama shi da fil, ki juyo fuskar saƙar wajenki, ki sa kwarashi cikin idon daga gaba, ki jawo zaren tsanin ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa zuwa sama. Wajen mayar da shi kan tsinke, ɓangaren dama na idon ne zai kasance a gaban tsinken, in ba haka ba zai murɗe.

Gefen da ke naɗewa ba laifin hannunki ba ne. Haka saƙar layin fuska da layin baya take. Ki riƙa saƙa ido 4 na kowane gefe da saƙar fuska a duk layi. Guga ba za ta gyara ba, kuma zaren roba narkewa yake idan dutsen guga mai zafi ya taɓa shi.

Kafin hular jariri ko rigar sanyi, ki saƙa ɗan gwaji, ki wanke, ki ƙirga ido nawa ke cikin santimita 10. Idan sun fi abin da takardar zaren ta nuna, ki ƙara girman tsinke. Idan ba su kai ba, ki rage. Zaren kuma a saye shi lokaci ɗaya mai lambar rini ɗaya, domin launi ɗaya yakan ɗan bambanta daga rini zuwa rini.